Bencin da Ya Riga Mu Zuwa Kwarin Dashi

Tun da na dawo daga rakiyar kwamitin nan na gyaran ilimi, 'yan majalisarmu ta ƙofar gidan Alhaji Garba a Limawa suka hana ni shan shayi cikin natsuwa. Wannan ya ce in faɗa musu wane sabon tsari za a kawo, wancan ya ce wai da gaske ne za a soke wata jarrabawa, Alhaji Garba kuwa ba abin da ya dame shi sai irin abincin da aka ba mu a hanya. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tsinci inda ya yi masa daɗi ya yi gaba da shi. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa. Amma ina faɗa muku tun yanzu, ba labarin daɗi ba ne, ko da za ku yi dariya a wasu wurare.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isa, tsohon malamin firamare ne ni, daga baya na yi aikin duba makarantu har na yi ritaya. A idona aka kawo tsarin shida-uku-uku-huɗu, aka tara mu aka ce daga yau yaro zai bar makaranta da sana'a a hannunsa. A idona aka mai da shi tara-uku-huɗu, aka sake tara mu. Kowane sauyi da bitarsa, da 'yar jakar da ake raba mana, da sabuwar manhaja da ba ta isa ƙauye sai an kusa soke ta. Don haka da aka kira ni aka ce wani kwamiti daga tarayya yana zagaya ƙasa don duba tsarin ilimi tun daga tushe, ana neman wanda ya san lunguna ya raka waɗanda za su zo wajenmu, sai na ce ƙafata na ciwo. Abu ɗaya ne ya warkar da ƙafar. An ce a kowace shiyya za su zaɓi makarantar da ta fi kowace lalacewa, a gyara gininta, a turo mata malamai, a fara gwajin sabon tsarin a cikinta.

Ina jin haka na tuna da Malam Haruna. Abokina ne tun muna kwalejin horon malamai, kuma shi ne hedimastan firamaren Kwarin Dashi, wani ƙauye a ƙasar Garki, daf da iyaka da Taura. Na ce hedimasta, amma shi ne malamin kowane aji, shi ne mai kaɗa ƙararrawa, shi ne mai korar awaki. Iska ta tafi da rabin rufin tun shekarun baya, bango ya tsage har kana iya gaisawa da na waje ba ka tashi ba, yara kuwa a ƙasa suke zama. A ƙarshen zangon nan zai yi ritaya. In ba a turo wani ba, ranar da ya tafi ranar makarantar za ta mutu, domin wadda ke kusa da su sai an tsallake fadamar da ke cika da damina, ba uwar da za ta tura ɗanta. Na yi ta naci har aka sa Kwarin Dashi cikin wuraren da za a je, sannan na buga masa waya.

"Haruna, don girman Allah kada ka taɓa komai. Ko tsintsiya kada a sa. Yadda take ɗin nan, haka nake so su gan ta."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Isa, ko na so gyarawa, da me zan gyara?"

Da safe muka bar Dutse, ƙarshen damina, gero ya fara kai. Mu huɗu ne a motar. Akwai shugabarmu, wata Farfesa daga kudu, dattijuwa mai ƙaramin jiki da farin gilashi, ba ta da yawan magana. Da Turanci muke hira, amma daga baya na gane tana jin Hausa fiye da yadda take nunawa. Akwai Dakta Kabiru, matashi, ɗan Arewa ne amma girman Abuja, aikinsa ɗaukar hoto da wata faffaɗar waya, kuma duk abin da ya ɗauka nan take yake tura shi can sama wurin masu yanke hukunci. Sai direbanmu Ɗanjuma, wanda ya san kowane rami a hanyar nan kamar shi ya haƙa su, amma sanin bai hana shi faɗawa cikinsu ba.

Muka wuce Kiyawa, muka wuce Jahun, shinkafa kore shar hagu da dama. Dakta ya yi ta yi mini lacca kan yadda ake karatu a ƙasashen da ya je, inda ya ce yaro ba ya ɗaukar jaka, komai yana cikin na'ura. Na ce masa ai mu ma mun kamo su, yaran Kwarin Dashi ma ba sa ɗaukar jaka. Bai gane ba, ya ce madalla. Farfesa ce na ga ta juya fuska taga tana murmushi. A Gujungu muka tsaya Ɗanjuma ya sayo soyayyen kifi, ya rantse ba irinsa a duk jihar. Dakta ya tambayi mai kifin da wane irin mai ta soya, ta dube shi sama da ƙasa ta ce da man da uwarsa ke soya nata.

A Taura aka fara da taron jin ra'ayin jama'a a wani babban ɗaki mai zafi. An tara hedimastoci, da malaman allo, da iyaye, da wasu mata a baya da ba wanda ya miƙa musu abin magana. Dakta ya tashi ya jero tambayoyi: shin shekara nawa ya kamata yaro ya yi kafin jarrabawar farko, shin a rage darussa ko a ƙara, shin da harshen uwa za a fara koyarwa ko da Turanci. Kowa ya yi ta gyaɗa kai. Wani dattijo manomi da aka matsa wa sai ya yi magana, ya ce shi dai a fara samo mai koyarwar tukuna, ko da Fulatanci zai koyar ya yarda. Aka yi dariya aka tafa masa, aka wuce tambaya ta gaba. Na zauna a irin wannan taro fiye da yadda zan iya tunawa, kuma kullum akwai dattijo irin wannan, kullum kuma sai an tafa masa.

Bayan azahar aka kai mu makarantar farko, a wani ƙauye da ake kira Tudun Faru. Na san makarantar tun ina aiki, kuma ban taɓa ganin benci a cikinta ba. Sai ga shi mun shiga aji mun tarar da bencuna korra a jere, yara a kai tsaf. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne zamansu. Da yawa sun naɗe ƙafafu a kan bencin kamar suna kan tabarma, wata yarinya kuma ta riƙe gefensa gam kamar wadda aka ɗora a kan jaki. Hedimastan wurin, wanda na sani sarai, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Na ce a raina watakila an yi abin kirki bayan barina aiki, kada in zama tsoho mai mugun zato. Na samu benci na ƙarshe na zauna. Da na zo tashi sai na ji ƙyat, wata ƙusa ta kama babbar rigata, shuɗiyar shaddar da maiɗakina ta ajiye mini don manyan taruka, ta yage ta daga cinya har kusan gwiwa. Haka na ƙarasa yinin ina tattare riga a hannu kamar mai shirin tsallake kwata.

A wani masauki a cikin Taura muka kwana. Fankar ɗakina tana da fiffike amma ba ta da niyyar juyawa, sauro kuwa sun karɓe ni hannu bibbiyu. Da asuba na shiga wanka na tarar da kwaɗo a cikin bokiti, ya riga ni. Amma zan faɗi gaskiya, kunun tsamiya da ƙosan da aka kawo mana da safe sun fi na Limawa, Alhaji Garba ya ji haushi in ya ga dama. A nan Dutse ƙosai ya koma iska, ka matsa shi ya ɓace. Na can kuwa mai nauyi ne, uku sun ishi mutum. Farfesa ta yi ta dangwala shi a yaji idonta na hawaye, ta ƙi dainawa.

A wurin karin nan na samu sarari na ba ta labarin Kwarin Dashi da Malam Haruna, ban rage komai ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce wannan ba shi ne kwamitinta na farko ba. Ta ce akwai rahotannin da ta sa hannu a kai tun 'ya'yanta na firamare, yanzu jikokinta ne a firamaren, rahotannin kuma suna nan inda aka ajiye su. Ta ce ta karɓi wannan ne kawai don an yi alkawarin taɓa wasu makarantu da hannu, ko guda nawa ne.

"In yadda ka faɗa haka take, ita za mu ba da," in ji ta. "Amma ba ni ke zaɓa ni kaɗai ba. Waɗanda ke can hoto suke kallo, da abin da shugaban makaranta ya faɗa da bakinsa."

Na ce ai shi ke nan, hoton Kwarin Dashi ko makaho aka kwatanta wa sai ya yi kuka. Raina fari ƙal na shiga mota, sanye da tsohuwar rigar da na zo da ita don ko-ta-kwana, yagaggiyar kuma na cusa ta a jaka.

An yi ruwa da asuba, muna barin kwalta hanya ta zama kunu. Ɗanjuma yana murza sitiyari yana salati, motar na tafiya a karkace. Can gaba muka cim ma wasu amalanken shanu guda biyu, an yi musu lodi sama-sama an lulluɓe da tamfol, ɗaya ta kafe a taɓo mutane na turawa. Da suka ga motarmu sai na ga sun yi cirko-cirko, ba wanda ya ɗaga mana hannu, abin da ba a saba ba a ƙauye. Muna wucewa wani ya haye babur ya shige mu a guje, yana watsa mana laka.

Iyakar Taura da Garki ta wannan hanya ba shinge ba allo, wata kuka ce kawai da ɗan rafi, da wasu 'yan gidaje a gefe. A nan muka tarar an tare hanya da tabarmi. Dattawa sun fito, mai babur ɗin nan yana tsaye a bayansu yana haki. Suka ce a al'adarsu baƙo ba ya tsallake rafin nan bai sha ruwansu ba. Farfesa ta duba agogo, na ce mata ai ruwa ne kawai, in muka ƙi mun ci musu fuska. Aka kawo ruwa, aka kawo fura da nono. Aka yi gaisuwa, aka tambayi iyali, aka tambayi mutanen Dutse, aka tambayi mutanen Abuja, aka dawo aka sake daga farko. Muna shirin tashi sai aka ce ai zabbi na kan wuta. Na leƙa bayan danga na hangi zabbin da ransu, ana bin su da gudu.

Ni da na saba da Dutse, inda baƙo yanzu ruwan leda ake miƙa masa a tsaye a ce a gaida gida, abin ya burge ni da farko. Har na fara yi wa Dakta bayanin karamcin mutanen karkara. Ina cikin bayanin na ji ƙarar ƙafar amalanke, ƙiiƙi ƙiiƙi, tana wucewa ta bayan gonar gero, inda ba hanya. Na dubi Ɗanjuma. Ya tsotse ƙashin zabo ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Malam, ci namanka. Kaya ne suke wucewa, shi ya sa aka tsare mu a nan."

Na ci gaba da ci, don har lokacin ina gaya wa kaina akwai wasu ƙauyuka a gaba, ba dole Kwarin Dashi za su ba.

Rana ta take sosai kafin a sallame mu. Da muka iso Kwarin Dashi, wallahi da ba don tsamiyar da ke bakin filin ba da na ce Ɗanjuma ya ɓata hanya. Makarantar fara tas, an shafe ta da farar ƙasa har ƙasa. Inda rufi ya tafi an jera kwano an danne da duwatsu, wasu da tsatsa wasu sababbi, ka san daga rumfuna daban-daban aka kwanto su. Tsagewar bangon an yaɓe ta an rataya taswirar duniya a kai. An share fili, an yayyafa ruwa, an kafa tuta. Yara sun cika azuzuwa, har da waɗanda ban taɓa gani a garin ba, da yawansu cikin rigunan makaranta masu bajo na wasu makarantun. A gaban kowane allo akwai matashi riƙe da alli. Na gane biyu daga ciki: ɗaya tela ne, ɗaya kuma cajin waya yake yi a kasuwar Gujungu, 'yan garin ne da suka yi sakandare aka kirawo su gida.

Mai Gari, tsoho tukuf mai dogon farin gemu, yana zaune a inuwa cikin rawaninsa, gari duk ya kewaye shi. Malam Haruna na tsaye a ƙofar aji cikin wankakken kaftani. Dakta tun kafin ya gama fitowa daga mota ya fara ɗaukar hoto, yana cewa wannan shi ne abin da ake nema, al'umma ta rungumi makarantarta.

Na shiga aji. Bencuna korra, da laka a ƙafafunsu ba ta ma bushe ba. Na je na ƙarshe na shafa gefensa. Ga ƙusar nan, ga shuɗin zaren shaddata a naɗe a jikinta. Daga baya Ɗanjuma ya ba ni tarihinsu. Wata makaranta ce a yankin aka taɓa ba ta su, hedimastan ya ga in yara suka hau za su karye kuma ba za a sake ba shi wasu ba, sai ya kulle su a sito. Tun daga nan suka zama na baƙi. Duk garin da za a yi baƙin gwamnati sai ya aika a aro, kamar yadda muke aron kujeru da manyan tukwane a Limawa in za a yi suna.

Na ja Malam Haruna gefe. "Haruna, me ka yi haka? Me muka yi da kai a waya?"

"Ba ni ba ne, Isa," ya ce, bai dube ni ba. "Gari ne."

Kafin in ƙara magana aka kira mu wurin taro. Mai Gari ya yi maraba da baƙi, ya ce tun kakanninsa ba a taɓa yin manyan baƙi irin waɗannan a garin ba, ya gode wa Allah da ya ba su ikon tarbar su yadda ya kamata. Ina kallon mutanen da ke tsaitsaye. Maza da yawa akwai sauran laka a gwiwar hannunsu, matan da ke leƙe ta bayan zana kuwa farar ƙasa ba ta gama fita daga faratansu ba. Fuskokinsu cike da murna.

Farfesa ta sa aka kira Malam Haruna gaba. Ta tambaye shi, a gaban kowa, me makarantarsa ta rasa. Ya dubi Mai Gari, ya dubi jama'a, ya dubi ƙasa.

"Alhamdu lillahi, ranki ya daɗe. Muna cikin rufin asiri, ba mu rasa komai ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce a gafarce ni, amma wannan makaranta malami ɗaya gare ta kuma ya kusa tafiya. Na ce rufin nan aro ne, malaman nan aro ne, bencunan nan jiya a Tudun Faru muka bar su. Na zaro yagaggiyar rigata daga jaka na ɗaga, na ce ga shaida, zarenta na nan a jikin ƙusa, duk mai shakka ya shiga ya duba. Ni dai na san a lokacin kama da mahaukaci na yi, tsoho yana kaɗa tsumma a tsakiyar taro.

Mai Gari ya daɗe yana kallona, sannan ya yi magana a hankali. "Malam Isa, mun ɗauke ka ɗan gida. Ka ci tuwonmu ba sau ɗaya ba. Mutanen nan sun bar gonakinsu sun yi kwanaki suna aiki don kada baƙi su raina mu, su je can su ce mutanen Kwarin Dashi ba su san darajar ilimi ba. Ban zaci ta bakinka za mu ji kunya ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kunyar yau ce za ta kawo muku malamai."

Ya kau da kai. Farfesa ta cire gilashinta, ta dubi Malam Haruna, ta yi masa magana da Hausa, karo na farko da na ji ta yi doguwar Hausa. "Malam, kai ne shugaba. Abin da ka faɗa shi zan rubuta. Waɗannan malamai, na makarantar nan ne?"

Na zuba masa ido. Na ga gumi a goshinsa. Gari duka na kallonsa.

"E, ranki ya daɗe," in ji shi. "Na nan ne."

An kawo dambu da naman rago bayan taro, ba wanda ya ce mini bismilla, ni ma ban nema ba. Na je na zauna a mota. Ta taga ina jin muryar Malam Haruna daga cikin aji yana koyar da lissafi, yara na amsawa da ƙarfi. Ban taɓa jin muryarsa ta tashi haka ba.

A hanyar dawowa ba mai magana sai Dakta, wanda ya ce hotunan sun riga sun isa kuma an yaba ƙwarai. Da ya yi barci Farfesa ta ce mini tun a Tudun Faru ta gane bencunan, kuma ba jihar da ta je ba ta ga irinsu ba, launin fenti ne kawai ke bambanta. Ta ce za ta rubuta abin da na faɗa, amma kada in sa rai, domin maganar ɗan rakiya ba ta ture hoto da shaidar hedimasta. Na tambaye ta to yaya za a gyara abin da masu shi ke ɓoyewa, masu dubawa kuma sun san ana ɓoyewa. Ta ce da ta san amsa da ba ta tsufa a cikin kwamitoci ba.

Na yi imani ta rubuta, don ba ta yi mini kama da mai saɓa magana ba. Amma da sakamako ya fito wata makaranta aka zaɓa a wani yanki, Allah ya sa su amfana. Kwarin Dashi kuwa ta samu wata ɗaukaka. Hotonta aka buga a babban ƙyalle a wurin taron gabatar da rahoto, fara tas, yara a kan korran bencuna, a matsayin misalin makarantar karkara da ta tsaya da ƙafarta.

Na yi fushi da Malam Haruna, ban kira shi ba, shi ma bai kira ba. Sai bayan an rufe zango, wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, na ji sallamarsa a ƙofar gida. Ya rame. Ya zo Dutse bin takardun fansho. Muka zauna a zaure, aka kawo abinci, muka ci ba hira. Ni na fara gajiya da shirun.

"An turo wani?"

"Ba a turo ba."

"Yaran fa?"

"Suna gonar riɗi. Manyan 'yan matan kuma suna gida." Ya ce masu kwano sun kwance kwanonsu washegarin zuwanmu, bencuna sun koma sito, yaɓen ya zube da ruwan ƙarshe. Ya ce makullin ofis ya kai wa Mai Gari, shi kuma ya sa an zuba gero a ajin da ke da sauran rufi.

Na ce, "Kalma ɗaya, Haruna. A'a kawai za ka ce."

Ya daɗe yana murza hularsa a hannu. "Na sani. Har na buɗe baki. Isa, tun ina da baƙin gashi nake garin nan ina roƙon a zo a taya ni ɗaga bango, ba wanda ya taɓa zuwa. Da aka ji baƙi za su zo, na je na gaya wa Mai Gari abin da ka ce, ya ce ba a garinsa ba. Da safe na fito na tarar da gari duka a filin makaranta. Tsofaffi na kwaɓa ƙasa, mata na shafe, har waɗanda suka hana ni 'ya'yansu. Ranar da kuka zo na tsaya a gaban allo, yara a zaune a kan benci, rana ba ta dukan kowa, ina jin muryar wani malami a ajin kusa. Tun da na fara aiki ban taɓa jin muryar wani malami a makarantata ba. Abin da na yi ta roƙon Allah ke nan, sai ga shi a gabana. Sannan a ce in tashi in ce ƙarya ne."

Fushin da na tanada ya tafi, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi ciwo. Wannan shi ne amsata ga masu tambayata wane tsari za a kawo. Ban sani ba, kuma ko wanne ne, ba zai tarar da kowa a Kwarin Dashi ba.

Na raka shi bakin titi inda zai hau mota. Har ya sa ƙafa ɗaya sai ya juyo, yana ɗan jin nauyi kamar mai neman alfarma wurin babba.

"Isa, in kana da lambar Daktan nan, ka roƙar mini hoton. Wanda ake ganin yaran a zaune. Ina so in rataye a ɗakina."

Na ce masa to.